Inna Tana Saurare

Yaya Badaru,

Sallama da gaisuwa. Ya su Fatsuma da yara, ya zaman Isa? Ni lafiya nike a Agadas, tarin ya yi sauƙi, aiki ne dai babu.

Ka ce tunda 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu ba mai zuwa maƙabarta, har ruwa ya tafi da fasasshen tulun da muka sa alama a kabarin Inna. Wani malami nan ya ce rai ba ya mutuwa, mamaci yana jin sallamar mai ziyara. Da ya ce ba ta jin komai, da hankalina ya fi kwanciya. Shekara biyu tana saurare, kuma ba na jin za ni dawo.

Don Allah ka tambayar mini Malam Jibrilla: ta san korar mu aka yi, ko tana zaton mantawa muka yi?

Ƙaninka,
Hussaini