Abin da Bauna Take Faɗa

Litinin, 6 ga Nuwamba

Baba ya sauko da motarsa Bauna yau tana huci kamar tukunyar da aka manta a murhu. Karo na biyu ke nan a wata guda da motar nan ta tafasa. Tun kafin ya shigo garejina na jiyo ƙaurin. Na buɗe bonet, lagireto ya toshe da jar laka, ruwan ciki ko rabi bai kai ba. Na ce Baba ba ka ji tana wahala ba? Ya ce, "Ke da na haifa za ki koya mini jin mota? Shekara talatin da ɗaya ina hawa hanyar ƙauyen Long Kerabang, ko sau ɗaya ban kalli allurar zafin can ba."

A kan allurar dai yana da gaskiya. Tana nan tsaye a tsakiya har sai inji ya kusa narkewa sannan ta zabura. Da kunne Baba yake tuƙi, duk direbobin garinmu Lawas sun sani. Shi ya sa ya cire rediyo, shi ya sa ya kafa dokarsa: daga gadar katako har saman Tudun Batu ba fasinjan da zai yi magana, ko tari ne mutum ya haɗiye abinsa, don yana sauraren inji.

Yaya Udan ya kira daga birnin Miri. Maganarsa ɗaya ce, idan ta tafasa karo na uku zai zo ya karɓe makulli, a sayar da motar, Baba ya koma wurinsa ya zauna. Ya zauna ya yi me? Ya kalli bango a bene hawa na huɗu? Mutumin da ko ranar Lahadi sai ya zagaya motar sau biyu kafin ya tafi coci. Na ce ba za a yi na uku ba. Ban san abin da na taka na faɗi haka ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Wuni guda a ƙarƙashin mota. Baba ya kafe sai na ƙara wa sifirin na baya falle biyu-biyu saboda kayan Kirsimeti, siminti da kwanon rufin coci da tukwanen gas. Na ce idan ta yi tauri haka, ranar da ba kaya tsalle za ta riƙa yi har tsofaffin da ke baya su zubar da haƙora. Ya ce, "Waɗanda nake ɗauka nasu sun riga sun zube." Mun tsaya a falle ɗaya-ɗaya da sabon shakazoba. Ba wai ya yarda ba ne, ɓoye sauran fallayen na yi a bayan tayoyi.

Da na gama ya ɗauko sifanarsa mai lamba sha tara ya bi fallayen yana ƙwanƙwasawa, kamar yadda yake yi kafin kowace tafiya. Lafiyayyen falle ƙara yake yi tas, mai tsaga kuwa a dakushe yake amsawa. Ina da shekara tara ya koya mini. 'Yan watannin nan kuma ya tsiro da wani salo, sai ya buga ya juyo ya ce, "To Ruran, ya kika ji?" Na haura arba'in, ga garejina, ga sunana a allo, amma jarrabawa ake yi mini. Haushi kamar in ciji sifanar.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Na sayo na'urar jin zafin inji a shagon Ah Fook mai kayan mota. Ɗan akwati ne kamar na ashana, da waya mai kan ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin inji. Ba ruwansa da ruwan lagireto, zafin ƙarfen yake ji, idan ya wuce kima sai ya fasa ƙara. Na ɗaura shi a ƙasan sitiyari. Baba ya leƙa ya ce, "Tsuntsu kika sa mini a mota? Me yake ci?" Na ce ya bar shi kawai, idan ya yi kuka ya tsaya.

Talata, 14 ga Nuwamba

Ya hau, ya sauko lafiya. Ruwan sama tun Lahadi.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Saura ƙiris. Tiyon ruwa ya tsage a Tudun Batu ranar Alhamis, ruwa ya tsiyaye, bai farga ba sai da tururi ya rufe gilashi. Allah ya sa akwai rafi kusa, ya naɗe tiyon da roba ya lallaɓa. Wannan ba na uku ba ne. Ban ƙirga shi ba, kuma Udan ba zai ji ba.

Na ce tsuntsun fa? Ya ce ko uffan bai ce ba.

Na kwance na'urar na nufi shagon Ah Fook a fusace. Na dangwarar masa a kan tebur na ce kayan banza yake sayar wa mutane, da ubana ya ƙone a daji fa? Ya miƙa hannu ya ɗauki na'urar. Ya haɗa ta da batir, ya tsoma kan wayar a butar shayinsa da ke tafasa. Ƙarar da abin nan ya yi sai da karen shagon ya fita da gudu. Ya ce, "'Yar Padan, wannan ai ko gawa ta ji sai ta juya. Ki je ki tambayi wanda ya haɗa wayar." Ya san ni na haɗa. Masu sayen kaya suna ta dariya. Ban ba shi haƙuri ba, na kwashi abina na fita.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Na bi wayar nan daga batir har inji sau uku. Ba inda ta ɓare, ba inda ta kwance. Na sake sabuwa duk da haka. To ina matsalar take?

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Ina wanke laka a ƙarƙashin Bauna sai ga falle na uku na hagu a tsage, tsagar har ta yi tsatsa. Ba ta yau ba ce, ba ta jiya ba. Da ya ɗora siminti a kan wannan, da a tsakiyar daji za ta zauna. Ranar Litinin ɗin nan a gabana ya ƙwanƙwasa shi. Ya yi tambayar tasa, ni kuma ina waya da mai kawo taya, na ce masa lafiya lau Baba, don dai ya ƙyale ni.

Na nuna masa tsagar. Ya daɗe yana kallo, ya ce laka ce ke cinye ƙarar. Na ce ba laka ba ce, sakaci ne, ya saba da abin har ya zama wasa. Na ɗaga murya, ban so ba. Ya goge sifanar da gefen rigarsa ya tafi shan kofi.

Laraba, 29 ga Nuwamba

Udan ya ce sau biyar yana kiran Baba ba ya ɗauka. Na ce ai ka san hanyar can ba sabis. Alhali a kujerar gareji Baba yake zaune lokacin, wayar tana aljihunsa.

Juma'a, 1 ga Disamba

Gwaggo Litad ta sauko ganin likita, ta biyo da tuwon shinkafa a ganye da gishirin tudu. Muna ci sai ta ce, "Ni kam, Ruran, wancan abin da kika maƙala wa yayana a mota, ba a rage masa murya ne? Ranar da tiyo ya fashe tun daga gadar katako yake tsala ihu. Har audugar kunne na yi da gefen zanena."

Na ajiye loma. Na ce, Gwaggo, abin ya yi kuka?

"Kuka? Mu bakwai a motar, kowa ya toshe kunne. Jaririn Sinang, wadda muke tare a motar, har shiɗewa ya yi."

Na ce to me ya hana ku faɗa masa? Ta kalle ni kamar na zagi fasto. "A Tudun Batu? Ke ba ki san dokar Padan ba? Ni da na taɓa yin atishawa a wurin ya ƙi yi mini magana har gida. Mun ɗauka yana ji, yana sane. Wa zai koya masa mota?"

Mutum bakwai, kusan rabin sa'a, inji yana ƙonewa a gabansu, sun yi gum saboda ladabi. Na rasa wa zan fara yi wa faɗa. Gwaggo ta ci gaba da cin tuwonta, ta ce gishirin bana ya fi na bara.

Asabar, 2 ga Disamba

Baba yana zaune a kujerar direba yana ɗaure madubi. Na zagaya ta ɗaya ƙofar na danna maɓallin gwajin na'urar. Ƙarar ta cika gareji, mai walda na maƙwabta ya leƙo. Baba bai ko ɗaga kai ba. Na riƙe maɓallin har yatsana ya yi zafi, yana ta ƙoƙarin zura noti yana 'yar waƙar coci a hanci.

Magana yana ji idan kana gabansa. Siririyar ƙara ce ta tafi. Ƙarar falle, kukan fambel, wayarsa, tsuntsuna.

Na shiga bayan tayoyi na zauna. Wata nawa ke nan? Ni da nake bin waya sau uku.

Lahadi, 3 ga Disamba

Ban je coci ba. Udan ya kira, ban ɗauka ba.

Talata, 5 ga Disamba

Na ciro jar fitilar bayan wani mataccen babur na haɗa ta da na'urar, na kafa ta a saman sitiyari daidai ido. Muni kam ba a magana, amma ko makaho sai ya ga alama. Na je na ba Ah Fook haƙuri. Ya ce, "Kin sami mai haɗa wayar?" Na ce na same ta. Ya ƙara mini fis ɗin wuta biyu kyauta, bai sake tambaya ba.

Baba ya ga fitilar. Na shirya ƙarya, wai sabon yayi ne. Bai tambaya ba. Ya taɓa ta da yatsa ya ce ta yi kyau.

Idan na faɗa wa Udan, kafin Kirsimeti makullin yana aljihunsa. Idan na yi shiru kuma wani abu ya faru da mutum bakwai a baya, ni ce. Kaina ciwo yake yi.

Asabar, 9 ga Disamba, Long Kerabang

Na ce zan bi shi in ga yadda sabon sifirin zai yi da kaya. Siminti buhu goma sha biyu, kwano, fasinja biyar.

Da safe ya ɗauko sifanar. Wannan karon ban kalli waya ba, shi na kalla. Yana bugawa ba fallen yake kallo ba, fuskata yake kallo. "To Ruran, ya kika ji?" Ashe ba jarrabawa ba ce. Tun watannin nan tambayata yake yi, ni kuma ina ce masa lafiya lau don ya ƙyale ni. Na durƙusa na sa shi ya sake bin su daga farko, na amsa masa kowane falle da ƙarfi.

Sa'a shida a hanya. Laka har gindin ƙofa bayan sansanin masu katako, sifirin bai ko nuna gajiya ba, da na sa biyu-biyu da yanzu ba ni da ƙugu. Tuƙinsa kuwa yana nan yadda na san shi, ba ramin da bai san sunansa ba.

Da muka hau gadar katako kowa ya yi tsit kamar kullum. Ya sa giya ta ƙasa, Bauna ta fara ja. Na ga ya karkata kai wajen inji yadda ya saba, ya daɗe a haka. Can wajen rabin tudu, bai kalle ni ba, ya ce, "Me take cewa?"

Shi da kansa, a Tudun Batu. Fasinjojin baya suka kalli juna.

Na matso kusa da kunnensa na ce tana ja daidai, fambel yana ɗan kuka kaɗan, zafi daidai, jar fitilar ba ta kama ba. Ya gyaɗa kai. Da muka kai sama ya tsaya, ya juya baya ya ce, "Daga yau duk wanda ya ji wani abu a tudun nan ya faɗa. Kun zauna kamar buhunan siminti." Wata tsohuwa ta ce, "Kai ka hana mu ai!" Ya ce, "Me ta ce?" Aka kwashe da dariya, har da shi. Ni taga na kalla.

Litinin, 18 ga Disamba

Udan ya kira. Labarin tiyon ya kai masa. Na ce masa matsalar wayar na'urar zafin da na sa ce, ni na haɗa ba daidai ba, na gyara. Ya ce shi dama ya san aikina sai a hankali. Na bar shi ya faɗa. Maganar asibitin kunne a Miri sai bayan Kirsimeti, kuma Baba ne zai faɗa masa da bakinsa, haka na faɗa wa Baba. Bai ce e ba, amma bai ce a'a ba.

Na rubuta a ƙofar gareji cewa ba aiki ranar Juma'a da Asabar har ƙarshen damina. Ranakun nan zan riƙa bin Baba hanya. Ba wani abu ba ne, shakazoban nan sabo ne, ina so in ga yadda zai yi.

Sifanar Baba tana cikin akwatin kayana. Ban san yaushe ya sa ta ba.