Faifan da na rantse rana ta cinye

Assalamu alaikum mai wannan fili da masu karatu. A ɓoye sunana. Kar kowa ya yi mini wa'azi, na san abin da na yi, shawara nake nema.

Ni mai gyaran rediyo ne a Konni. Lakwal ban wuce aji biyar ba. Abokina na ƙuruciya, bari in ce da shi Idi, shi ya wuce, ya samu aikin buro, wato ofis, ya samu babur da gidan siminti. Benci ɗaya muka zauna, kuma ni nake nuna mai lissafi, amma ni aka fidda a kai ni gona. Wannan bai taɓa barin zuciyata ba, gara in faɗa tun yanzu.

Zamanin da Turawa ke keto hamada da tsofaffin motoci suna saidawa, wani yaron Bature mai dogon gashi ya sauka gidan Idi kwana uku. Da zai tafi ya bar mai garmaho da faifai ɗaya. Kwalin faifan baƙi ne, da hoton ƙoƙunan kai da wuta. Ya ce sunan kiɗan tarash metal. Garmahon bai aiki, sai aka kawo mini. Na gyara, na haɗa da batirin mota, na ɗora allura. Jama'ar da ke zaune bakin shago suka watse suna dariya, wai injin niƙa ya haɗiye ƙusa. Ni kuwa na kasa motsi. Gita na gudu, ganga na bin ta kamar za ta taka ta, mutum na ihu cikin yaren da ban ji ba, amma na san fushi yake. Irin fushina ne. Wa ya gaya wa Bature abin da ke cikin cikina?

Idi dai nuna wa baƙi yake yi, a ce shi wayayye ne. Haka na ɗauka. Da aka yi mai canjin wurin aiki zuwa Illela, inda ya ce zafin ɗakin zai lalata faifan, sai ya kawo mini ajiya. Ya ce, “Makaniki, amana ce. Kar ka bari ko ƙuda ya sauka.”

Shekara biyu ya dawo ya tambaya. Kun san me na yi? Na ɗauko wani tsohon faifan Indiya, na kankare takardar tsakiya, na aza shi bisa kwanon shago da tsakar rana har ya lanƙwashe kamar ganyen kabewa. Shi na miƙa mai. Na ce mantuwa na yi, kwalin kuma gara ta ci. Na yi rantsuwa da Allah. Ya juya shi a hannu, ya daɗe, ya ce ba komai, ƙaddara ce, ya ma bar mini garmahon. Ko tsawa bai yi mini ba, kuma wannan ya fi ƙona ni. Mai komai ai sauƙin yafiya gare shi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan faifan na ƙasan akwatina cikin zanen matata. Bara wani Bature mai aikin rijiyoyi wajen Malbaza ya kawo rediyo gyara, ya ga garmaho, hira ta kai na nuna mai faifan. Sai da ya wanke hannu kafin ya taɓa. Ya riƙe shi ta gefe, ya karanta ƙananan lambobi kusa da ramin tsakiya, ya ce bugun farko ne, can ƙasarsu kowa ya koma kaset da sidi amma akwai masu yawo gari gari neman irinsa, don sautinsa ya fi nauyi. Ya ce in faɗi abin da nake so. Na hana. Ban sace shi don in saida ba. Shi kaɗai ne abin da nake da shi wanda Idi bai da shi.

To watan jiya ɗiyarsa ta zo, ta ce Baba, abokinka na gida Tsarnawa, ɓarin jikinsa ya mutu. Na je. Bakinsa ya karkace, magana da ƙyar. Muna zaune sai na ga hannunsa mai lafiya yana bugun gefen gado. Na gane bugun. Waƙa ta uku ce, inda ganga ke tsayawa ta sake tashi, bai kuskure ko ɗaya ba. Bayan shekaru goma sha uku bai ji ta ba! Ya dube ni ya ce, “Makaniki, ka tuna? Kai ka ɗauka ni kaɗai ne ban da fushi.”

Na ce na tuna. Na fito na bar takalmina, sai da ɗiyar ta biyo ni da su.

Likita ya ce kar a tada mai hankali. In na kai faifan, zai ji kiɗansa, kuma zai san wanda ya kira amini ya yi mai rantsuwar ƙarya ya zuba mai ido shekara da shekaru. In ban kai ba, zai tafi yana buga gado. Na yi tunanin in ce Baturen rijiyoyin nan ya samo mini wani, amma akwai ƙujewa a waƙa ta biyu da Idi da kansa ya yi da allura, zai gane ta. Kuma ko yanzu, Allah ya gani, raina bai son rabuwa da shi.

Na riga na caja batirin garmahon, yana nan bakin ƙofa kwana huɗu. Me zan yi?