Layin da Ja'afaru Ya Ja a Gandun Baba

Kunci, farkon bazara

Zuwa ga ƙanena Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka na Dawanau. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi.

Takarda na rubuto na ba direban motar kasuwa, don in a waya na kira ka, na san bakina zai riga hankalina.

Ja'afaru, me na yi maka? Ran da ka zo da babbar wayarka kana zagaya gandun Baba, ni na bi ka ina nuna maka iyaka, har ƙaya na cire maka a ƙafa. Ka ce kamfaninku zai sa gonar a manhaja, taki zai zo mana har gida, waya ta riƙa faɗa mana ranar shuka. Na ce madalla. Ashe da ka zo rubuta mai gona, sunan Basiru ka rubuta.

Taki ya zo kuwa. Ina tsaye a ƙofar gida ma'aikacinku ya dube ni ya ce ina Malam Basiru mai gona. Ni na shiga na taso shi daga barci, ya fito yana miƙa, ya karanta musu lambobi a waya, aka sauke buhuna. Bayan sati wasu suka zo da huluna iri ɗaya, suka tsayar da shi a tsakiyar gona suka ɗauke shi hoto. Garmata ce ma ya riƙe, kuma a karkace. Yanzu hoton nan yana manne a bakin kasuwa, an rubuta manomi abin koyi. A majalisa in ya taho sai ka ji ana a ba mai gona wuri.

Tun rasuwar Baba ni nake buɗe rumbu, ni nake yi wa mata awo, ni nake fara sara in ruwa ya sauka. Basiru ƙanena ne, yayanka ne, ina son sa, amma kai ma ka san ba ya isa gona sai rana ta yi sanyi. Ba zan yi maka ƙarya ba, kishi nake ji. In na bi ta gaban hoton nan kau da kai nake yi, in na wuce kuma sai na waiwayo.

Ka gaya mini dalili. Ka gaida Sa'adiyya da yara.

Yayanka,
Dallatu Muhammadu Sani


Dawanau, Laraba

Yaya Dallatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ina gaida Inna da mutanen gida duka. Saƙonka ya same ni a ofis, na karanta har sau biyu, raina bai yi daɗi ba.

Wallahi Yaya ba raini ba ne. Manhajar gurbi ɗaya ta bari na mai gona, suna ɗaya, lamba ɗaya, kuma a lokacin sai babbar waya take karɓa. Taka ƙarama ce mai tocila, ta Yaya Basiru ce babba, shi ke nan. Ban ma yi tunanin komai ba. Maganar hoto kuwa 'yan sashen talla ne, sunan da suka gani suka bi.

Amma ka kwantar da hankalinka, wannan ƙaramar matsala ce. Yanzu an sabunta manhajar, ƙananan wayoyi ma suna samun saƙo. Ga abin da na yi jiya: na raba gonar gida uku a taswira, daidai wa daida, na'ura ce ta auna, ba wanda ya fi wani ko da taku ɗaya. Kaso ɗaya da sunanka, ɗaya da sunan Yaya Basiru, ɗaya da nawa, nawan kuma ku ci gaba da nomawa kamar kullum. Ka ga kowa zai samu takinsa da saƙonsa, har ma takin zai ƙaru tunda manoma uku aka ƙirga.

Ka lura, a cikin waya kawai aka raba, a ƙasa ba abin da ya motsa. Na buga taswirar mai launi, ga taka a ciki, na aika wa Yaya Basiru tasa. Magana ta ƙare, in sha Allahu.

A huta lafiya.

Ƙanenka,
Ja'afaru


Kunci, bayan ruwan shuka

Ja'afaru,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Ruwa ya sauka, Allah ya sa mai albarka ne.

Taswirarka ta iso. Ta yi kyau ƙwarai, kore da ja da ruwan ɗorawa, kamar zanen sallah. Na zauna a zaure na dube ta har idona ya yi ruwa.

To ina da tambaya. Wa ya zaɓa wa kowa launinsa? Don kore, na Basiru, shi ne ɓangaren bayan gida, inda shekara da shekaru nake kai takin awaki da toka a mangala. Itatuwan gawo duk suna ciki. Ni kuwa ja aka ba ni, can gefen hanya, inda wuta-wuta take cinye dawa. Ka ce na'ura ce ta auna. Na ji. Ita na'urar ma ta san kai da Basiru ɗaki ɗaya kuka kwana kuna yara, ni ina can ina kwanan gona? Tun kana ƙarami in aka ba ka rake shi kake fara gutsura wa, ni sai in ya ragu. Ban taɓa faɗa ba, yau na faɗa.

Ka ce a ƙasa ba abin da ya motsa. Bari ka ji abin da ya motsa. Basiru ya ɗauki tasa takardar ya kai wa Dagaci, wai don ya ga ci gaban zamani. Aka aiko kirana. Dagaci ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya dube mu a gaban dattawa ya ce, "Ashe kun raba? To Allah ya sa alheri." Na yi shiru ina jira Basiru ya ce a'a. Shi ma ya yi shiru yana kallon tabarma. Liman ya ga shirun ya yi yawa, ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Ran da aka yi ruwa na fita da yarana muka fara daga gefen hanya. Basiru ya ce wayarsa ta ce a jira ruwa na biyu. Ni ma tawa ta faɗi haka, amma tunda shi ya riga ni faɗa, na shuka. Washegari na tarar ya dasa gamba tun daga gindin ɗorawa har bakin burtali, a kan layinka sak, yana duba waya yana dasawa. Layin ya miƙe sosai, ka iya aiki.

Geronsa ya fi nawa duhu. Kullum da safe ta gefensa nake bi in duba, ko da yake ba hanyata ba ce.

Naka kason yana nan tsakani, ba wanda ya taɓa shi, kowa yana jira ɗaya ya fara a ce yana kwaɗayi. Ciyawa ta gode maka.

Yayanka,
Dallatu


Rimin Gado, tsakiyar damina

Ɗan'autan Inna,

Salamu alaikum, injiniyan gidanmu. Ina gajiya, ina aiki, ina Sa'adiyya da 'yan yarana? Maigidan yana gaishe ka. Ni Aina'u ce, in ba ka manta kana da yaya mace ba, don na ga taswirarka ta manta.

Na je gida makon jiya, kuma na dawo da ciwon kai. Gida uku ka raba gonar Baba, ko? Ni tsinto ni aka yi a kasuwar Kunci? Inna fa, da ta yi zaman aure da shi har ta rufe masa ido? Ko manhajar taku ba ta san mata suna cin gado ba? Ban taɓa neman ko taku ɗaya ba, tunda ana noma wuri ɗaya, kuma duk kaka ana aiko mini da dami. Amma da na ga sunayenku uku reras da launi, ni ko ɗigo babu, wallahi sai da abin ya yi mini ciwo.

Ɗorawar nan ta bakin layi ka san tawa ce. Baba ya ba ni ita ranar da aka kai ni ɗaki, ya ce ƙasa ta gandu ce, itace na Aina'u ne. Duk shekara ake tara mini kalwata in zo in ɗauka in yi daddawa. Bana da na tambaya, Luba matar Basiru ta auno mini 'yar kaɗan a kwano, tana murmushi, wai ga ihsani, tunda itacen a korensu ya faɗo. Na karɓa na yi godiya. Ni ake yi wa ihsani da kalwata.

Na san Yaya Dallatu ya rubuto maka yana kukan an ba shi gefen hanya. To Basiru ma kuka ya yi mini, wai kai da Yaya kun haɗa baki an ba Yaya bakin hanya, inda nan gaba fili zai yi daraja, shi an tura shi bayan gida. Kowa idonsa yana kan launin ɗan'uwansa. Kuma abin da Yaya bai gaya maka ba, shi ya fara cewa a fito da dammunan bara a raba. An raba. Rumbun Baba yana nan wayam, kaji suna kwana a ƙarƙashinsa. An kafa zana a tsakar gida, tukunya ta zama biyu.

Ka saurare ni, Auta, don ba zagin ka nake yi ba. Kana tsammanin ba su taɓa tunanin rabuwa ba? Tun ba a yi arba'in ɗin Baba ba kowannensu yake jin ana cutar sa. Yaya yana ganin shi ke wahala wani ke ci, Basiru yana ganin ya girma amma sai an auna wa matarsa hatsi kamar yarinya. Abin da ya riƙe su ɗaya ne. A garinmu ba a raba gandu uwa tana raye, kuma duk wanda ya fara furta a raba, shi za a nuna da baki har jikokinsa. Kowa yana so, kowa yana jin kunya, a haka ake noma, a haka Inna take ci daga rumbu ɗaya. Sai ga takardarka ta furta musu. Ita ba wanda zai nuna ta da baki.

Sai kuma maganar Inna. Da yamma ake kawo mata kwano biyu, ɗaya ta wannan gefen zana, ɗaya ta wancan, kowace mata tana leƙe ta ga na wa za a fara buɗewa. Sai ta juye su duka a tsohon akushin Baba ta cakuɗa, ta ci loma kaɗan ta ture. Ta rame, Ja'afaru. Da zan taho ta ce in gaya maka kada ka damu, ta san alheri ka nufa. Ni ban ce kada ka damu ba.

Ka gaida gida.

Yayarka,
Aina'u


Dawanau, Litinin

Yaya Dallatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da neman afuwa. Yaya Aina'u ta gaya mini komai, ban iya cin abinci ba ranar.

Na gyara, Yaya. Na zauna da masu haɗa manhajar na yi musu bayani, suka ce abu ne mai sauƙi. An goge layukan nan duka, gonar ta koma ɗaya kamar yadda Baba ya bar ta, kuma sunanka ne a kai, kai kaɗai. Kafin shayina ya huce an gama. Na roƙi 'yan talla su cire hoton kasuwa, har sun ce za su zo su ɗauke ka kai ma in kana so. Maganar ɗorawa ce kawai ba ta da gurbi, amma sun ce za su duba a sabuntawa ta gaba.

Don Allah ku yayyaga takardun nan, kai da Yaya Basiru, ka je ka gaya wa Dagaci kuskure ne na na'ura. Saƙo zai shigo wayarka yau ko gobe. Ina nan tafe da kaka in ga Inna.

Ƙanenka mai neman gafara,
Ja'afaru


Kunci, kaka

Ja'afaru,

Wa alaikumus salam. Na yafe maka, ba tun yau ba.

Saƙon ya shigo, wai barka da zama mai gona. A gindin gambar Basiru na karanta shi, ta kai mini kafaɗa. Na nuna masa ta saman zana, ya ce yanzu ya tabbata ni ka fi so. Ban musa ba, na ji daɗi ma, Allah ya yafe mini. Dagaci ya ce shi ba da na'ura ya shafa fatiha ba.

Mun yi girbi, kowa ya kai rumbunsa. Nasa ya fi nawa.

In ka zo za ka tarar gidan ƙofa biyu ne yanzu, Basiru ya fasa tasa ta gabas. Ɗakin Inna yana tsakiya, ta kowacce ana isa. Ni dai zan zauna a zaure in ga ta wacce za ka shiga.

Yayanka,
Dallatu