Kwano Biyu na Ruwan Sanyi a Tukunyar Baba Duan

Inna Shu, don Allah ki taimake ni, kwana tara ke nan ina ɓoye wani abu a raina.

Surukina Baba Duan ya shekara arba'in yana dafa saiwar wani tsiron magani mai suna fuzi da naman rago duk shigowar sanyi, maƙwabta su taru a sha romo don ƙarfin jiki. Tun safe yake ɗora tukunya, ba mai taɓa ta sai shi. Ni kuwa 'yar bakin teku ce, bara aure ya kawo ni garin Weishan, kuma a gidanmu in miya ta tsotse ruwa ake ƙarawa. Ranar nan Baba ya fita ɗauko itace, na ga romo ya ja baya, na kamfato ruwan randa kwano biyu na zuba. Har daɗi nake ji wai na yi gwaninta.

Da aka sha romon, mutum biyar aka kwasa asibiti, leɓe ya mutu, zuciya na tsalle. Duk sun rayu, amma mijina Wenbin, ɗaya daga cikinsu, da ƙyar ya tsira. A can na ji mata na cewa ko yaron goye ya san ba a zuba wa fuzi ruwan sanyi, don yana tayar da dafinta.

Kowa ya ce tsufa ne ya kama Baba, shi ma ya yarda. Ya bi gida-gida yana sunkuyar da kai, ya kife tukunyar, yanzu ko teburi ba ya zama da mu. Babu wanda ya gan ni. In faɗa, ko in yi shiru?

Amaryar da ta rasa sukuni

'Yata, na karanta wasiƙarki. Mutum biyar, kuma duk da rai. Ki fara da godiya.

Ba ki yi da mugunta ba, kuma wanda ya kafa doka a kan tukunya bai faɗa wa baƙuwa dalili ba, shi ma da nasa laifin. Ban da haka, fuzi dafi ce tun daga ƙasa. Likitoci sun gaji da gargaɗi, ƙwararru ma tana kayar da su, don haka babu mai rantsuwa cewa ruwanki kaɗai ne sanadi. Tukunyar nan ta ci gaba da zama a kife.

Amma shirun nan naki ne ke kaɗai, kuma tsoho yake ci. Ki fara da Wenbin yau, ku shiga wurin Baba tare. Baba zai yi fushi, ki daure. Shi ƙofa huɗu ya ƙwanƙwasa yana ba da haƙuri, ke ɗaya ce tak a gabanki.

Allah ya ƙara wa marasa lafiya sauƙi, ya maido muku da Baba kan teburi.

Inna Shu