Biyar ga Yuni, Shida ga Mayu

Tremont, Bronx
14 ga Yuli, 2024

Zuwa ga ƙanena Barmo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Mu nan lafiya lau. Matata Turai ta samu sauƙin hawan jinin, 'yarmu Rahma ta shiga ajin ƙarshe. Ni kuwa ina nan bakin Canal Street da teburin agoguna, da digirin nawa a ƙasan akwati.

Ka ce ka ji ƙishin-ƙishin a kan ƙungiyarmu. Shekara shida ina haɗiye maganar nan, yau zan faɗe ta. Mu gida tamanin ne, 'yan Nijar da 'yan Najeriya da 'yan Zangon Gana, kuma abin da muka mallaka duka ɗaki ɗaya ne na haya a ƙasan bene. Nan muke salla, nan muke raɗin suna, nan yaranmu da suke amsa mana da Turanci suke koyon Fatiha ranar Asabar. Tun farko na ce musu mu ƙaramar ƙasa ce wadda ba ta da mai, ba ta da zinariya, sai mutanenta. Irin wannan ƙasa ba ta da halin zubar da mutum ko ɗaya don an raina garinsu. Da yake ilimin mulki na karanta a Zariya, ni aka sa na rubuta tsarin, shafi biyu kacal. Na ce aiki na wanda ya iya ne, shugabanci ya riƙa zagayawa duk shekara biyu, kuma duk takardar da ta zo a karanta ta gaban kowa bayan Juma'a. Har kabbara aka yi.

Da Alhaji Abdoulaye, ɗan Nijar, ya hau shugabanci, wa'adinsa ya cika ya ƙi sauka, wai jama'a ba su gaji da shi ba. Na yi magana, aka ce boko ke damuna. Bara kuma suka juya kan Sadick, sakatarenmu na shekara goma sha biyar, haifaffen Kumasi. Laifinsa uwarsa 'yar ƙabilar Asante ce, kuma in zai ce mace ta zo sai ya ce "ya zo". A kan wannan dattawa masu furfura suka yi ta dariya, suna cewa wanda bai san mace da namiji ba yaya zai riƙe mana takardu. Kada ka ce 'yan Nijar ne kaɗai, namu 'yan Najeriya sun fi kowa ƙyaƙyatawa. Aka ba da muƙamin ga Fu'ad, surukin Alhaji, wanda bai cika shekara a ƙasar nan ba. Sadick ya ajiye makulli ya fita. Karatun takardu bayan Juma'a ma daga nan ya mutu.

Sai mai gidan da muke haya ya aiko da takarda cewa in muna son ci gaba da zama, a sa hannu a sabuwar yarjejeniya kafin 05/06. Fu'ad ya karanta biyar ga Yuni, yadda ni da kai za mu karanta a gida. Barmo, a ƙasar nan wata ake fara rubutawa! Shida ga Mayu ake nufi. Da an karanta ta a fili, Rahma ma da ta gyara musu. Su Alhaji suka tafi ranar uku ga Yuni da manyan riguna, mai gida ya ce ai tuni ya ba wani. Alhaji ya dawo yana cewa haka Allah ya ƙaddara. Na ce masa a gaban jama'a kada ya jingina wa Allah abin da ya yi da hannunsa. Tun ranar ba ya amsa sallamata, ni ma ban damu ba.

Ka gaida Inna da kyau, ka gaida Salamatou da Habsatou da yara duka. Turai tana gaishe ku. Kada ka sake aiko wasiƙa ta adireshin masallaci. Ɗakin ya zama shagon wanki, 'yan Gana sun koma unguwar Park Hill, yara talatin da ɗaya ba su da wurin karatu.

Yayanka,
Mashud