Atishawar Gwaggo Ladi

Laraba, 12 ga Agusta, 1998, bayan isha'i

Yau na ɗaga murya a gaban manya.

Gwaggo Ladi ta dawo daga Jidda da kumburarren kunci. Ƙashin muƙamuƙinta na sama ya yi siriri, shi ne likita ya ƙara mata ƙashi a ƙarƙashin kogon hanci, sai ya kama sannan a dasa mata haƙori. Ya gargaɗe ta kada ta fyace hanci, kada ta danne atishawa, in ta zo ta yi ta baki buɗe, in ba haka ba aikin zai lalace.

Da la'asar surukinta Malam Buba ya zo daga garin Yako don yi mata sannu, ga maƙwabta suna dakan yaji. Na ga hancinta yana motsi, ta kai hannu za ta toshe don kunya. Ban san lokacin da na ce, "Gwaggo, buɗe baki!" ba.

Ta saki atishawar da ta watsa kaji, ta yi hamdala can ƙasa-ƙasa.

Malam ya ce, "Yarhamukillah. Ashe 'yar bokon nan tana da murya?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ƙashin Gwaggo yana nan inda aka sa shi.