Rasuwar Dakta Mansura Zakari Ba'awa da Injin da Aka Cire

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini, da ɓacin ran da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Masana Kimiyya 'Yan Asalin Kiru da Kewaye ta samu labarin rasuwar 'yar'uwarmu, Dakta Mansura Zakari Ba'awa, wadda Allah Ya yi wa cikawa bayan gajeriyar jinya.

Marigayiyar 'yar masunci ce, daga gidajen da madatsar ruwan Tiga ta tasa, ta kuma ƙarar da ƙuruciyarta a ɗakin gwaje-gwaje tana sa ƙwayoyin bakteriya su samar da furotin irin na jikin ɗan'adam, wanda ke jigilar kaya a cikin ƙwayar halitta. In aka tambaye ta aikinta a gida, takan ce 'yan lodi take nazari irin na Kwanar Dangora, sai dai nata ido ba ya ganinsu, kuma in suka yi kuskuren lodi mutum ne ke kwanciya ciwo. Furotin ɗin ba ya jure zafi, shi ya sa ta ajiye ƙaramin injin wuta a bayan ɗakin, don kada firizar da take adana shi ta mutu in an ɗauke wuta.

Abin ƙyama, a ranar da hukumar cibiyar da take aiki, wadda kunya ta hana mu ambaci sunanta, ta shirya mata taron addu'a, babu wuta, sai aka cire wannan injin aka kai bakin rumfa domin lasifika da sanyaya ruwan manyan baƙi. Da wutar wannan injin a lasifika ne mai girma shugaban cibiyar ya tsaya gaban mahaifiyarta, Hajiya Kulsumu, ya yi mata alkawarin aikin 'yarta ba zai mutu ba. Ba wanda ya tuna ya mayar da injin sai bayan hutun ƙarshen mako, aka tarar komai na cikin firizar ya narke ya lalace. Tir da wannan aiki.

Hajiya, ki gafarce mu, mun ga gara ki ji daga bakinmu: abin da aka yi miki alkawari babu shi. Allah Ya jiƙan Dakta Mansura, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarta, Ya ba ki haƙuri ke da mijinta, Alhaji Jamilu Kyauta, da 'ya'yanta da al'ummar Ba'awa baki ɗaya.

Game da laccar tunawa da ita da cibiyar ta gayyace mu, ba za mu halarta ba. Mun halarci taron farko na addu'a, an miƙo mana ruwan nan da sanyinsa, mun sha har muka yi godiya.

Sa hannu:
Malam Mujitaba Ghali Ɗansoshiya
Kakakin Ƙungiya